Me jirgi yake tsayawa yi a garin?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Ina tattara tarihin wani ƙaramin gari da layin dogo ya ratsa. Duk dattijon da na tambaya sai ya ce jirgin ƙasa ne ya yi garin, shi ne kuma ya kashe shi. Amma ga ƙauyuka nan a kan wannan layi ɗaya, ba su taɓa zama komai ba. Ta yaya zuwan jirgi yake sauya tarihin ƙaramin gari, kuma me ya sa wani ya tashi, wani bai tashi ba?"

Malam, rabin amsar tana cikin tambayarka. Waɗancan ƙauyukan da layi ya bi ta kansu amma suna nan jiya i yau, su ne shaidarka ta farko. Jirgin da ya wuce a guje ba ya bar wa mutane komai sai hayaƙi da ƙara, wani lokaci da gawar tunkiyar da ya take. Tsayawa ita ce ke gina gari. Don haka kafin ka ƙara zama da wani dattijo, ka riƙe tambaya ɗaya a ranka: me jirgi yake tsayawa yi a nan, minti nawa yake yi, kuma mutum nawa ake buƙata kafin ya sake tashi? In ka samu wannan amsa, kusan za ka iya faɗin girman da garin ya kai, da irin mutanen da suka cika shi, da lokacin da ya fara mutuwa.

Mu fara da injin kansa, domin mutanen yanzu sun manta irin dabbar da jirgin tururi yake. Tukunya ce babba a kan ƙafafun ƙarfe. Ana hura kwal ko itace, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafun. Ruwan da yake sha ya ninka kwal ɗin da yake ci sau da dama a nauyi, kuma da zarar ya zama tururi ya fita ta bututu, ya tafi ke nan. Ka ɗauka kana tsaye a ƙaramar tasha a tsakiyar daji. Jirgi ya iso yana huci, direba ya lallaɓa shi har tankin bayan inji ya zo daidai ƙarƙashin wani dogon famfo mai hannu. Mai zuba kwal ya hau sama, ya buɗe murfi, ya jawo hannun famfon, ruwa ya fara kwarara. Direba ya sauko da gwangwanin mai yana bin gaɓoɓin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa su da bayan hannu ya ji ko wata ta yi zafi. Fasinjoji sun leƙo ta taga, wasu sun sauko miƙe ƙafa. Minti goma, an rufe murfi, an busa usur, an tafi.

To, wannan minti goman sai an yi masa tanadi. Sai an haƙa rijiya ko an datse rafi, sai an kafa tankin sama, sai an ajiye mai kula da injin jan ruwa, shi kuma sai an gina masa gida. Ga shugaban tasha, ga mai buga tangarahu, ga leburorin da ke bin layi da diga da shebur suna gyara. Gida biyar ko goma ke nan na masu albashi a inda jiya babu kowa. Masu albashi kuwa ba sa noma abin da za su ci, saye suke yi. Daga nan 'yan talla suke fara zuwa, su kafa rumfa, rumfa ta zama kasuwa. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da jirgi yake haifarwa, kuma akasarin garuruwan kan layi a nan suka tsaya.

Mataki na gaba shi ne inda ake canza inji da ma'aikata. Direba da mai zuba kwal ba za su yi kwana biyu a tsaye gaban wuta ba, injin ma sai an kwashe masa toka an wanke tukunya. A Amurka kusan kowace mil ɗari ake kafa irin wannan wuri, da loko, wato rumfar ajiye injuna da gyaransu, da masaukin ma'aikata da filin jera taragu. A nan maganar ta tashi daga gida goma ta koma ɗaruruwa. Sama da wannan akwai mahaɗa, inda layi biyu suka gamu, dole a warware taragu a sake ɗaura su, dole fasinja ya sauka ya jira wani jirgi, wani lokaci ya kwana. Kafanchan da muka sani yau daga nan ta samo girmanta, tun da aka haɗa layin Fatakwal da na Kaduna da reshen Jos a 1927. Can ƙololuwa kuma akwai garin da kamfani ya zaɓa ya kafa masana'antar ƙera injuna da gyaransu. Wannan shi ne wanda ya ci babban rabo, shi ne kuma wanda ya fi kowa shiga hannun kamfani.

Bari in daɗe kaɗan a kan Swindon ta Ingila, don duk abin da kake nema yana cikin labarinta. A 1841 ƙaramin garin kasuwa ne a kan tudu, mutanensa ba su wuce 2,500 ba. Kamfanin Great Western yana shimfiɗa layi daga Landan zuwa Bristol, injiniyansa Isambard Brunel, mai kula da injunansa kuma wani matashi ne, Daniel Gooch. Gooch ya lura cewa daga Landan zuwa Swindon ƙasa a shimfiɗe take, daga nan zuwa Bristol kuwa akwai hawa da gangara, saboda haka injin da ya dace da rabin farko bai dace da na biyu ba. Dole a canza inji a nan. Ga shi kuma reshen da zai tafi Cheltenham a nan zai rabu, ga wata hanyar ruwa da aka haƙa tana wucewa kusa, wadda za ta kawo kwal. Dalilai uku ke nan, babu ko ɗaya da ya shafi mutanen garin ko cancantarsu. Aka buɗe masana'antar a 1843.

Abin lura shi ne ba a kan tudun aka gina ta ba. Jirgi ba ya son hawa, don haka layin ya bi ta ƙasa, kimanin mil guda daga tsohon garin, a cikin gonaki. Nan kamfani ya gina wa ma'aikata jerin gidajen dutse, aka samu Swindon biyu: tsohuwa a sama da masu gidaje da 'yan kasuwarta na gado, sabuwa a ƙasa cike da maƙera da kafintoci da suka zo daga arewacin Ingila da Sikotilan da Wales. Kowace da hukumarta. Sai a 1900 aka haɗa su gari ɗaya, a lokacin kuwa 'yar ta ninka uwar sau da dama. Ma'aikatan suka kafa asusun magani a 1847, ana yankar wani abu daga albashin kowa, likita ya duba shi da iyalinsa. Suka samu ɗakin karatu da zauren koyon sana'a. Da abin ya kai ganiya, mutum wajen 14,000 ne ke shiga ƙofar masana'antar kullum, kuma jiniyarta ce agogon garin baki ɗaya. Da ita ake tashi, da ita ake ɗora tukunya.

Akwai wani ɗan labari a Swindon da nake so saboda yadda yake nuna darajar tsayawa a fili. Kamfanin ya rasa kuɗin gina tashar, sai ya yi yarjejeniya da 'yan kwangila: su gina, shi kuma ya yi alkawarin kowane jirgin fasinja zai tsaya minti goma a Swindon don mutane su sayi abin sawa a baki a ɗakin cin abincin tashar. Shekara hamsin da wani abu jiragen gaggawa suna tsayawa dole, fasinjoji suna tsine wa abin da ake sayar musu. Da kamfanin ya gaji, sai da ya biya fam 100,000 a 1895 kafin ya fanshi minti gomansa. Ka ga farashin tsayawa ke nan a rubuce.

Crewe, wani garin na Ingila, ita ma haka ta samu. A 1831 mutum saba'in ne a ƙauyen da ke ɗauke da sunan. An buɗe tasha a 1837, an kawo masana'anta daga Liverpool a 1843, a 1901 mutanen garin sun haura dubu 40. Kamfani ne ya gina gidaje da coci da makaranta, shi ya kawo ruwa da iskar gas, shi ya ba da filin shaƙatawa a 1887, a shekarar da babban injiniyansa, Francis Webb, yake magajin gari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A shekarun 1880 an yi ta ƙorafi a garin cewa shugabannin masana'antar suna takura wa ma'aikatan da ba sa bin jam'iyyar da suke so. Idan mai ba ka aiki shi ne mai gidan hayarka, shi ne kuma ke zaune a majalisar gari, bakinka ba naka ba ne. Duk inda ka ji dattawa suna yabon zamanin reluwe, ka yarda da su, amma ka tambaye su wa ke iya korar mutum daga kwatas, kuma kwana nawa ake ba shi ya kwashe kayansa.

Wa yake zaɓen inda za a tsaya? Mutanen gari suna son su ce wani sarki ne ya roƙa, ko wani attajiri ya ba da fili, ko kakanninsu suka ƙi jirgi don kada ya tsorata dabbobi. Wani lokaci akwai gaskiya a ciki. Amma a abin da na gani cikin tsofaffin rahotannin safiyo, mafi yawan lokuta ƙasa ce ke yanke hukunci, wato tudu da kogi da dutse. Lokacin da Rasha take shimfiɗa layin da ya ratsa Siberiya, babban birnin yankin shi ne Tomsk, mai jami'a da manyan 'yan kasuwa, ga kuma Kolyvan, tsohon zango a kan hanyar keken doki. Dole layin ya tsallake kogin Ob, wanda ke malala ya cika fadama mai faɗi idan ƙanƙara ta narke. Masu safiyo, cikinsu har da Nikolai Garin-Mikhailovsky, suka samu wuri kusa da wani ƙauye, Krivoshchekovo, inda kogin ya tsuke kuma ƙasansa dutse ne, gada za ta zauna da araha. Aka fara aiki a 1893, aka gama gadar a 1897. Bukkokin leburorin gadar su ne suka zama Novosibirsk, birni na uku a girma a Rasha yau, mai mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Tomsk sai reshe aka ja mata daga wata tasha mai suna Taiga. Kolyvan tana nan ƙaramin gari.

Nairobi ma ba wanda ya zauna ya ce a kafa babban birni a wurin. Layin da ya taso daga Mombasa a 1896 ya iso mil na 327 a 1899, inda ake da fili shimfiɗaɗɗe da ruwan sanyi, wurin da Masai ke shayar da shanu. Shi ne fili na ƙarshe kafin a fara hawan tsaunuka a gangara cikin babban kwari. Injiniyoyi suka ce a nan za a jibge kaya a kafa loko. Wurin fadama ne, annoba ta ɓarke a 1902 har aka ƙone kasuwar Indiyawa, likitoci suka ba da shawarar a tashi garin. Ba a tashi ba, saboda an riga an kashe kuɗi a kan ƙarfe. Ofishin lardi ya baro Machakos, wadda layin ya kauce wa, ya dawo nan, kafin shekara goma kuma Nairobi ta karɓe kujerar mulki daga Mombasa.

A yammacin Amurka abin ya fi haka tsiraici. Gwamnati ta ba kamfanoni filaye maka-maka a gefen layi, filayen da aka ƙwace daga hannun 'yan asalin ƙasar, kamfanoni kuma suka mayar da kafa gari sana'a. A auna tazara, a dasa tasha, a yanka fulotai, a sayar. A jihar Nebraska akwai jerin garuruwa a kan layin Burlington da aka raɗa wa suna bi da bi a kan haruffan boko: Crete, Dorchester, Exeter, Fairmont, Grafton, Harvard, Inland, Juniata, Kenesaw, Lowell. Wani ma'aikaci ne kawai a ofis da taswira a gabansa.

Yanzu ga abin da masu rubuta tarihin gari ɗaya suka fi mantawa. Jirgi ba kasafai yake ƙirƙiro ciniki daga babu ba. Sau da yawa ɗauko shi yake daga wani wuri ya sauke a wani, faɗuwar wani tashin wani. Dubi Sudan. Berber, a bakin kogin Nilu, tsohon zango ne inda ayarin raƙuma ke tashi su ratsa hamada zuwa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, tashar da alhazan Afirka ta Yamma suka daɗe suna tsallakawa Jidda ta cikinta. Madugai, masu raƙuma, fatomai, dillalai, masu ɗinkin salka, duk a kan wannan hanya suke ci. Sojojin Kitchener, janar ɗin Birtaniya, suka jawo layi daga Wadi Halfa a 1897 da 1898 don yaƙi, ya iso inda kogin Atbara ya haɗu da Nilu, 'yar tazara kudu da Berber. Da aka gama layin Bahar Maliya a 1906, daga Atbara aka ja shi, aka kuma gina sabuwar tashar ruwa, Port Sudan, saboda mashigin Sawakin ya yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci. Atbara ta zama hedikwatar reluwe, har ake mata kirari da birnin ƙarfe da wuta. Berber ta koma gefe. Gidajen Sawakin na dutsen murjani suka dinga rushewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta tarihin Atbara kaɗai zai ce jirgi alheri ne zalla. Bai tambayi mai raƙumi ba.

Shi ya sa nake ba ka shawara ka nemi garin da garinka ya gada. Akwai shi, ko da mil goma ne ko ashirin daga layi: tsohuwar kasuwa, ko mashigin kogi, ko zangon fatake. Ka duba ko manyan gidajen kasuwancin garinka daga can suka taso. Wasu garuruwan sun gane haɗarin da wuri. A Amurka, da layin kamfanin Union Pacific ya bi ta Cheyenne a 1867 ya bar Denver mil ɗari a kudu, 'yan kasuwa suka fara kwashe kaya suna komawa Cheyenne. Mutanen Denver suka haɗa kuɗi suka ja nasu layin, ya haɗu da babban layi a 1870. Yau Denver ta ninka Cheyenne sau goma ko fiye. Amma wannan sai gari mai attajirai da ma'adinai a bayansa. Ƙaramin zango ba shi da wannan ƙarfi.

Akwai wata irin tsayawa mai kawo arziki da sauri, mai kuma tafiya da sauri, ita ce ƙarshen layi. Duk inda ƙarfe ya ƙare, dole a sauke kaya a ɗora wa dabba ko jirgin ruwa, dole kuma kayan ƙauye su taru a nan. Abilene ta jihar Kansas 'yan bukkoki ne a 1867 lokacin da wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya kafa garken lodin shanu a bakin layi. A shekarar farko an yi lodin shanu 35,000 da aka koro daga Texas. Shekara biyar kacal abin ya yi. Wani layin ya matsa kudu zuwa Newton da Wichita, manoman yankin ma sun gaji da ɓarnar shanu, makiyaya suka sauya hanya. Baro a bakin Neja ita ma haka: daga nan aka fara layin da ya isa Kano a 1911, don a sauke kaya daga jirgin ruwa a ɗora wa na ƙasa. Da layin Legas ya haɗu da shi a Minna, kaya suka samu hanyar da ba ruwanta da cikar kogi ko janyewarsa, Baro ta zama reshe.

Misalin da ya fi ba ni tausayi shi ne Terowie a kudancin Ostareliya. A can, saboda rashin jituwar masu tsarawa, an shimfiɗa layuka masu faɗi daban-daban. Layi mai faɗi daga Adelaide a Terowie ya ƙare, daga nan siriri ya ɗauka. Tarago ba ya iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Saboda haka duk buhu, duk tunkiya, duk tan na ma'adini, duk fasinja, sai an sauke an sake lodi. Jirage biyu a jere, 'yan dako a tsakani, dare da rana. A kan wannan matsala garin ya rayu kusan shekara casa'in, mutanensa suka kai wajen dubu biyu. A 1970 aka miƙa layi mai faɗin zuwa Peterborough da ke gaba kaɗan. Ga ƙasa, gyara aka yi. Ga Terowie kuwa, abincinta aka ɗauke. Yau mutanen garin ba su kai ɗari biyu ba, shagunan babban titi suna tsaye a rufe. Arzikin garin jirgi sau da yawa cikas ne ga tafiyar jirgin, kuma injiniyoyi kullum neman kawar da cikas suke yi.

Game da abin da ke faruwa a cikin garin kansa, abu na farko da za ka gani da idonka shi ne gari ya juya baya. Ƙofofin da ke kallon tsohuwar kasuwa ko fada ko kogi, sabbin gine-gine sun bar su suna kallon tasha. Sito-sito da sikeli da kantuna suna jeruwa a gefen da ake lodi. Layin ya zama katanga, kuma kusan ko'ina akwai gefen manya da gefen talakawa. A garuruwan Turai da Amurka sau da yawa iska ce ke rabawa, gefen da hayaƙi ke bi shi ne na marasa ƙarfi. A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka kuwa da gangan aka tsara: Turawa a nasu wuri da fili a tsakani, akawuna da masu sana'a baƙi a kwatas, leburori a can gefe. Baƙin nan su ne sabon abu. Reluwe yana ɗaukar wanda ya iya aiki daga ko'ina ya jefa shi inda ake buƙata, sai ka samu ƙaramin gari da harsuna biyar da wuraren ibada iri-iri, da 'yan ƙasa da suke ganin an mamaye su. Layin Mombasa shi kaɗai ya kawo ma'aikata kimanin 32,000 daga Indiya, wajen 2,500 suka mutu a kan aikin, wasu dubbai suka zauna. Rigingimun "ɗan ƙasa da baƙo" na garuruwa da yawa, in ka bi salsala, a bakin tasha za ka tsaya.

Sai lokaci. Kafin jirgi kowane gari da rana yake aiki, azahar ɗin wannan ba ita ce ta wancan ba. Bristol tana bayan Landan da minti goma. Jirgi biyu a kan layi ɗaya ba za su yi aiki da agogo biyu ba sai an yi karo, don haka Great Western ya ɗora dukkan tashoshinsa a kan lokacin Landan a 1840, shekara arba'in kafin doka ta bi sahu a 1880. Har yanzu akwai agogo a tsohuwar kasuwar Bristol mai hannun minti biyu, ɗaya na gari, ɗaya na jirgi. A Amurka kamfanonin jirgi ne suka raba ƙasar shiyya-shiyya ranar 18 ga Nuwamba 1883, majalisa ba ta sa hannu ba sai 1918. A ƙaramin gari agogon tasha shi ne sau da yawa agogon jama'a na farko, wayar tangarahu kuma ita ce ta fara kawo farashin birni a ranar da aka yi shi, abin da ya rage wa dillalin ƙauye ƙarfi.

Albashi kuma yana haifar da abin da kamfani bai shirya masa ba. Mutum dubu da ke shiga ƙofa ɗaya, suna karɓar kuɗi rana ɗaya, ga waya da jirgi na kai saƙo tasha-tasha, ba su da wuyar haɗa kai. A Atbara aka kafa ƙungiyar ma'aikatan reluwe a 1946, wadda ta zama uwar ƙungiyoyin ƙwadago na Sudan, kuma ba banza ba zanga-zangar Disamban 2018 ta kama wuta a wannan gari. A Thiès ta Senegal, inda masana'antar layin Dakar zuwa kogin Neja take, ma'aikata sun yi yajin aiki daga Oktoban 1947 zuwa Maris na 1948, fiye da wata biyar, suna neman a daidaita su da Turawan da suke aiki ɗaya. Idan garinka yana da loko, ka binciki siyasarsa, za ka tarar ta riga ta maƙwabta wayewa da taurin kai.

Mutuwar kuwa, dattawanka sun yi gaskiya, sai dai ba ranar da jirgi ya daina zuwa ta fara ba. Ta fara ranar da ya daina buƙatar tsayawa. Injin dizal ba ya shan ruwa, ba a kwashe masa toka, yana yin ɗaruruwan mil ba a taɓa shi ba. Da ya shigo a shekarun 1950 da 1960, tankunan ruwa suka zama kufai, aka rufe loko ɗaya cikin biyu ko uku, mai zuba kwal ya rasa aiki. Jirage suna nan suna wucewa, har sun fi da sauri, gari yana bushewa. Sannan mota ta zo ta ɗauke ƙananan kaya da fasinjan kusa, domin tana zuwa har ƙofar gida. A Birtaniya rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi kimanin mil 5,000, aka kuma rufe mafi yawansu. A Swindon aka ƙera injin tururi na ƙarshe na reluwen gwamnatin Birtaniya a 1960, masana'antar ta yi ta raguwa har aka busa jiniyar ƙarshe a 1986.

Swindon ba ta mutu ba, Crewe ma haka, kuma dalilin yana da amfani gare ka. Kafin reluwe ya janye, sun riga sun tara abin da wasu ke nema: dubban mutanen da suka iya sarrafa ƙarfe. Rolls-Royce ya kafa masana'antar injin jirgin sama a Crewe a 1938, daga baya ta koma ƙera motoci. Swindon ta samu masana'antun mota da babbar hanyar da ta haɗa Landan da Wales. Garin da jirgi ya koya wa sana'a yana iya sayar da ita ga wani. Garin da aikinsa ɗaukar buhu daga wannan tarago zuwa wancan, ko cika tanki da ruwa, ba shi da abin da zai nuna idan an daina. A nan ne nake saɓawa da masu cewa da za a dawo da jirgi, garin zai dawo. Jirgin zamani an gina shi ne don kada ya tsaya. Sabbin layuka ma sukan kauce wa tsohon gari, a dasa tasha a daji kilomita da dama daga kasuwa, sai labarin tudu da ƙasa na Swindon ya sake maimaituwa.

In ka koma garin, ka nemi tsohon jadawalin jirage, ko da shafi ɗaya ne. Ka duba lokacin isowa da lokacin tashi, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'auninka. In ka samu na shekaru daban-daban, ka jera su ka ga yadda minti talatin ya koma goma, goma ya koma biyu. Ka zagaya filin tasha da ƙafa, ka ƙirga layukan da ke kwance cikin ciyawa, ka nemi gindin tankin ruwa da ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin inji. Ka leƙa maƙabartu ka karanta sunaye da garuruwan asali a inda aka rubuta. Ka tambayi waɗanda kakanninsu suka yi aikin diga ko da son ransu suka je, don a wurare da yawa ta hannun masu sarauta aka tara su dole, kuma wannan ba ya cikin rahoton kamfani. Cikin tsofaffin ma'aikata kuma, kada ka tsaya kan direbobi, su kowa yana zuwa wurinsu. Ka nemi mai juya layi da mai kula da famfo, da matar da ta yi shekara talatin tana talla a bakin taga. Ita ce za ta gaya maka shekarar da jirgin yamma ya daina tsayawa har ta iya ba da canji.